Mushe da Injin Lungu

A shekarar da sojoji suka yi alkawarin shirya zaɓe su mai da mulki hannun farar hula, ina riƙe da wani ɗan shagon intanet a Agiye, gefen hanyar da ke bi ta tasha. Sibar ake ce masa. Na kawuna ne, shi yana Maradi, sai ƙarshen wata yake leƙowa. Injunan kwamfuta huɗu ne a ciki, duk kwance aka sayo su, da na'urar kwafin takardu guda, da fanka mai ƙara. Rezo kuwa, wato layin intanet ɗin, rarrafe yake yi. Duk da haka a shekarar aiki bai yanke mini ba. Ƴan takara suna kawo hotunansu a buga, samarin jam'iyyu suna zuwa rubuta wasiƙu, masu neman aiki suna zuwa duba ko sunansu ya fito.

Akwai wata matsala da nake gyarawa kusan kullum. Idan ka buɗe wani shafi yau, injin yakan ajiye kwafinsa a cikinsa, don gobe kada ya sha wahalar jawo shi daga nesa. To wani lokaci masu shafin sun riga sun canza abin da ke ciki, amma injin ya ci gaba da nuna maka na jiya, kai kuma ba ka da hanyar ganewa. Gyaran ba wuya. Ka shiga wurin saiti, ka share abin da ya ajiye, ka sake buɗe shafin, sabon ya fito. Kafin mutum ya gyara zama na gama. A cikin injunan huɗu, na lungu ya fi kowanne wannan hali. In ya riƙe shafi, ko sau goma ka danna ba zai sake shi ba sai an share masa.

Wata ranar Litinin da hantsi wani dattijo ya jingine kekensa a bakin ƙofa, ya cire ɗan ƙarfen da ya kama ƙafar wandonsa da shi, ya yi sallama. Tun kafin ya ƙarasa sallamar na gane muryar. Mushe ne, kamar yadda muke kiran malami da Faransanci, wanda ya koyar da ni a aji uku na lakol, wato makarantar boko. Ya rame, gemunsa ya yi fari, rigar da ke jikinsa an wanke ta har launinta ya tafi, amma an goge ta sosai.

A ajinsa an hana magana da Hausa. Akwai wani ƙashin muƙamuƙin akuya da aka ɗaure da igiya, duk wanda bakinsa ya kuɓuce ya yi Hausa a rataya masa a wuya. Wata rana fitsari ya matse ni, ina ɗan shekara tara, na ɗaga hannu, Faransancin ya ɓace mini, na roƙe shi da Hausa. Ya rataya mini ƙashin, ya tsai da ni gaban allo, ya ce ba inda za ni sai na faɗa da harshen da ya dace. Na tsaya ina ta lalube a kaina har abin ya zubo ta ƙafar wandona, ya kwanta a kan siminti. Shi ne ya fara dariya. Shi ne kuma ya laƙaba mini wani suna a wurin, sunan da ba zan rubuta shi nan ba. Sunan ya bi ni har na bar lakol. Ina jin saboda shi na bar ta.

Bai gane ni ba. Ya ce, "Samari, kai ne mai wurin?"

Na ce, "Ni ne, Baba."

Ya zaro wata takarda daga aljihu, an ninke ta huɗu. Wata ƙungiya ce take ɗaukar masu ilimi su zaga ƙauyuka suna koya wa mutane yadda ake jefa ƙuri'a. Aikin wasu watanni ne, da albashi. Ya kai takardunsa, an ce masa ba za a kira kowa ta waya ba, kowa ya riƙa duba shafinsu. Ya ce ya daɗe da barin koyarwa, yana noma a wani ƙauye bayan Gazawa, kuma daminar da ta wuce gero bai yi ba.

Injin lungu ne kaɗai babu kowa, sai na zaunar da shi can. Na buɗe shafin. Layi biyu ne da Faransanci, cewa ana nan ana tantance takardu, za a fitar da sunaye ba da jimawa ba. Na karanta masa da ƙarfi, don na saba yi wa dattawa haka. Ya ɗaga yatsa ya tsai da ni. Wata kalma ce ban furta daidai ba. Ya faɗe ta a hankali, ya ce in maimaita. Akwai mutum uku a shagon, duk suka juyo. Na maimaita. Ya ce, "Yauwa. Ba a banza ka zo duniya ba."

Da ya tafi na daɗe ina kallon kujerar da ya tashi a kai.

Ranar Laraba wata mata mai goyo ta zo duba shafin nan a injin bakin ƙofa. Sunaye sun fito. Ta bi su da yatsa har ƙasa, ba ta ga nata ba, ta gyara goyonta ta fita. Ni kuma na tsaya na karanta. Sunan Mushe yana nan, kusa da sama ma. A ƙarƙashin jerin an rubuta cewa duk wanda aka ɗauka ya kai kansa buronsu, wato ofishinsu na Maradi, kafin azahar ranar Talata mai zuwa, wanda bai zo ba za a ba wani gurbinsa.

Na je injin lungu na buɗe shafin. Layi biyun nan na ranar Litinin suka fito, ana nan ana tantancewa. Na kai hannu zan share, kamar yadda nake yi ba tare da tunani ba. Sai na janye hannun. Na kashe injin, na ɗauko wani tsohon zane na lulluɓe shi. Duk wanda ya tambaya na ce ya lalace.

Maƙwabcin shagona tela ne, baƙo a garin, bai fi shekara biyu da zuwa ba. Da shi nake cin abincin rana. Na gaya masa abin da na yi. Na ce malamin ya taɓa zaluntata, ban faɗi irin zaluncin ba. Ya yi dariya har ya ajiye almakashi. Ya ce in tsohon ya zo in buga masa bango.

Alhamis Mushe ya dawo, gumi ya jiƙa bayan rigarsa. Na yaye zanen, na share masa kujera da hannuna, na ce wannan injin nasa ne, na keɓe masa. Ya ji daɗi. Na buga bango, tela ya shigo da wani wando a kafaɗa kamar mai neman inuwa. Shafin ya buɗe. Mushe ya sa tabarau, ya matso da fuskarsa har hancinsa ya kusa taɓa gilashin, ya karanta layi biyun yana motsa leɓe.

Ya ce, "Har yanzu."

Na ce, "Har yanzu, Baba. Ka san aikin buro."

"Na san shi. A yi haƙuri dai."

Na ce ko zai karanta mana da ƙarfi, tunda ni Faransancina bai nuna ba. Ya gyara murya ya karanta, yana ba kowace kalma haƙƙinta, kamar yana gaban aji. Tela ya juya baya yana duba ɗinkin wandon, kafaɗunsa suna rawa.

Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin ranar. Na ci tuwo da yawa da yamma. Matata ta tambaye ni ko wani abin alheri ya faru, na ce ciniki ne ya yi kyau.

Asabar ya zo da ƙullin aya a bayan keke, sabuwa, an wanke ta an shanya. Ya ce daga ɗan abin da ya samu ne a gefen gona. Ya ce yana so in riƙa duba masa ko ba ya nan, in sunaye sun fito in ba direban motar Gazawa saƙo, kowa ya san gidansa. Na karɓa da hannu biyu. Na ce ya kwantar da hankalinsa. Bayan ya duba shafin bai tashi da wuri ba. Ya zauna yana ba ni labari, irin na mutumin da ya daɗe bai sami mai saurarensa ba. Ya ce hatsin gidan ba zai kai su damina ba. Ya ce ɗiyarsa ta ƙarshe tana kwaleji, ita ce mai ƙoƙari a cikin ƴaƴansa, kuma in aikin nan bai samu ba sai dai ta dawo gida. Ya ce shi ba ya roƙo, bai taɓa yi ba, shi ya sa yake son aikin.

Ina jinsa, ina kallon linzamin injin da ke ƙasa da taƙi ɗaya daga hannuna. Na san in na danna sau uku zai tashi da murna, har ya sami kwana uku na shiri. Na tuna simintin ajin nan, da yadda na tsaya ƙafafuna a buɗe don kada su taɓa jiƙon. Na ce masa Allah ya sa a dace.

Da ya tafi muka zauna da tela a bakin ƙofa muka ci ayar. Tana da zaƙi. Tela ya ce, "Gobe ko jibi dai ka nuna mishi ko? Wasa ya isa haka." Na ce sai na gani. Bai sake tayar da maganar ba, ya ci gaba da tauna.

Litinin Mushe ya iso da rana tsaka, yana tura keken, tayar baya ta yi faci a hanya. Ya sha ruwa kofi biyu kafin ya iya magana. Ya duba shafin, ya cire tabarau, ya murza idanunsa.

Ya ce, "Samari, abin nan ba ya kuskure? Na ji wani a tasha shina cewa kamar an fara kiran mutane."

Na ce, "Wace ƙungiya? Ai suna da yawa bana."

"Bai sani ba shi ma."

"To ka gani. Maganar tasha ce. Ga shi da idonka, Baba. Abin da suka rubuta shi injin ke nunawa."

Ya dubi sauran injunan. Mutane na kai. Da ya ce a gwada masa a wani, da asirina ya tonu a take. Bai ce ba. Shi mutum ne da ya yi rayuwarsa yana gaskata abin da aka rubuta. Ya ce gobe ba zai samu zuwa ba, zai nemi gyaran keke, sai jibi. Na raka shi har bakin hanya.

Ranar Talata na yi ta kallon agogon bango. Da aka kira azahar na je na yi salla, na dawo na ci gaba da buga hotunan wani ɗan takarar kansila.

Laraba ya zo da sassafe, ban gama shara ba. Na jira har tela ya buɗe shagonsa, na buga bango. Na zaunar da Mushe, na buɗe shafin, layi biyun suka fito. Ya sauke numfashi zai tashi. Na ce ya dakata, akwai abin da ban gwada ba. Na yi shi a hankali don ya ga kowane mataki. Na shiga saiti, na share, na sake buɗewa. Rezo ya yi ta jan ƙafa, shafin yana saukowa kaɗan kaɗan daga sama. Sunaye suka fara bayyana.

Ya ga nasa. Ya ɗora yatsa a kai ya ce alhamdulillahi, ya juyo ya dube ni fuskarsa a sake, har ya kama hannuna. Na bar shi ya riƙe. Sannan sauran shafin ya ƙarasa saukowa. Ya karanta layin ƙasa. Ya sake karantawa. Ya tambayi tela yau wace rana ce, tela ya ce Laraba, murya ƙasa ƙasa. Mushe ya koma saman shafin inda aka rubuta ranar da aka fitar da sunayen. Ya saki hannuna, ya ce:

"Tun wancan makon."

"Tun wancan makon."

"Mi ka taɓa yanzu?"

Na gaya masa. Na ce injin yana riƙe tsohon shafi, sai an share masa.

"Ka san da haka ranar Alhamis?"

"Na sani."

Ya zuba mini ido. Babu fushi a fuskarsa tukuna, ƙoƙarin fahimta yake yi. Na ce, "Mushe, ba ka gane ni ba?"

Na faɗi sunan lakol ɗin, na faɗi ajin, na faɗi ƙashin akuya. Ya girgiza kai, ya ce yara da yawa sun rataya shi. Na shirya jawabi mai tsawo tun kwanaki, ina maimaita shi a hanya, amma da na zo faɗa sai ya ƙare a jimla biyu. Dole na ambaci allon, da fitsarin. Sai na ga idanunsa sun buɗe.

Ya ce, "Au, kai ne," ya faɗi sunan nan.

Ba da niyyar zagi ya faɗa ba. Da shi ya san ni, ba shi da wani. Tela ya dube ni, ya dubi ƙasa, ya cije leɓe.

Mushe ya ninke tabaransa ya sa a aljihu. Ya ce, "Don wannan ne?" Na ce don wannan ne. Ya gyaɗa kai kamar wanda aka ba amsar lissafi. Ban san me na so ya yi ba. Wataƙila ya yi kuka, ko ya ɗaga hannu ya mare ni in rama, ko ya ce in yafe masa. Abin da ya ce shi ne in buga masa shafin a takarda. Na buga. Ya duba ko sunansa ya fito sosai, ya biya, ya ce in bar kekensa a gefen shagon zuwa yamma. Ya tsallaka hanya ya nufi tasha.

Ya tafi Maradi a ranar. Direban da ya kai shi ne ya ba da labarin daga baya. Ya ce tsohon ya tsaya a ƙofar buron da takardarsa har la'asar. An saurare shi, an ba shi kujera, an ce masa an riga an kira wanda ke biye tun jiya, ba abin da za a iya yi. Direban ya ce bai faɗa musu dalilin makararsa ba, cewa kawai ya yi saƙo bai iso shi da wuri ba. Da yamma ya zo ya ɗauki kekensa ina ciki, bai leƙo ba. Ta taga na gan shi yana ɗaure ƙafar wando.

Tela bai iya riƙe magana ba. Kafin Juma'a labarin ya zaga tasha da kasuwa, duka biyun, abin da na yi da abin da aka yi mini ina yaro. Na biyun ya fi yi wa mutane daɗi. Masu kabu-kabu suka fara kirana da sunan daga tsallaken hanya. Yaran da ba a haifa ba lokacin da abin ya faru suka koya. Wata rana na ji wata tsohuwa tana tambayar hanyar shagona da shi, ba ta ma san zagi ne ba. Tela da kansa yakan kuɓuce ya faɗa, sannan ya ce yi haƙuri. Muka daina cin abinci tare.

Masu zuwa duba sakamako kuma suka canza. Mutum zai zauna ya ce, "Share mini tukuna, ina kallo." Wasu ma sai su duba a inji biyu. Da kawuna ya zo ƙarshen wata ya riga ya ji. Bai kore ni ba, don babu wanda ya iya aikin a kusa. Ya sa na rubuta yadda ake sharewa a babbar takarda, da Hausa da Faransanci, na manna a bango saman kowane inji. Ya tsaya a kaina har na gama. Da zai shiga mota ya ce, "Uwarka ba ta ji ba tukuna. Ka yi addu'a kada ta ji." Ta ji. Ta yi wata guda tana amsa gaisuwata da kalma ɗaya.

An yi zaɓukan ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda aka ɗauka suka zo har unguwarmu da allunan hotuna, suna nuna yadda ake ninke ƙuri'a. Wanda aka turo mana wani matashi ne mai in-ina, yana ta duba takarda. Na tsaya a baya na saurara kaɗan na wuce.

Ɗiyar Mushe ta bar kwaleji a shekarar. Ban sani ba ko aikin watanni kaɗan zai iya riƙe ta har ta gama, kuma na daɗe ina amfani da wannan rashin sani. Shi kuwa da rani ya tsallaka iyaka ya tafi ci-rani, yana da shekarun da ake zama gida. An ce gadi ya samu a ƙofar wani ɗakin ajiyar kaya. Ya yi rani biyu ko uku yana tafiya yana dawowa.

Sau ɗaya na yi niyyar zuwa ƙauyensu. Na hau mota har Gazawa, na sauka, na sayi goro. Na zauna a rumfar mai shayi ina tunanin abin da zan ce in na isa, da abin da zan yi in ya sake kirana da sunan a gaban iyalinsa. Motar komawa Agiye ta cika saura mutum ɗaya, yaron mota yana ta kira. Na shiga.

Labarin rasuwarsa a tasha na ji, ina karɓar kwalin takardu da aka aiko mini daga Maradi. Direbobi biyu ne suke magana a bayana, ɗaya ya ce tsohon malamin nan na bayan Gazawa ya dawo da ciwon ƙirji, an yi jana'izarsa shekaranjiya. Ɗayan ya hango ni, ya taɓa abokinsa, suka katse maganar. Na ce Allah ya jiƙansa. Suka ce amin. Na ɗora kwalin a kai na tsallaka hanya, don na bar mutane suna jira a shago.